Shin 'yar kyauta da kyautatawa suna amfanin mai fama da matsanancin ciwon damuwa?

Tambaya

Malam, ina da ƙane magidanci, wata biyar ke nan ya canja gaba ɗaya. Ya daina fita kasuwa, ba ya son magana, abinci sai an matsa masa, sallah ma da ƙyar yake tashi. Mun kai shi asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya rubuta masa magani. Ni kuma duk bayan kwana biyu nakan je masa da ɗan abin hannu: dabino, ko fura, ko turare, wani lokaci katin waya. Amma ko godiya ba ya yi, wani zubin ma yadda na ajiye abin haka zan dawo in tarar da shi. Wasu cikin dangi suna cewa asarar kuɗi nake yi, raunin imani ne ke damunsa, wa'azi yake buƙata. Shin abin da nake yi yana da amfani, ko in bari?

Amsa a taƙaice

Kada ka bari. Kyauta da kyautatawa ba sa warkar da matsanancin ciwon damuwa, domin cuta ce da ke buƙatar likita da magani. Amma suna rage wa marar lafiya nauyi, suna hana shi yankewa daga mutane, kuma suna taimaka masa ya jure har magani ya kama jikinsa. Rashin godiyarsa alamar ciwon ce. Sharaɗi shi ne abin ya zama kaɗan, ya ɗore, babu gori, babu jiran sakamako, kuma ya tafi tare da jinyar asibiti.

Cikakkiyar amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Muna roƙon Allah Ya bai wa ƙanenka lafiya, Ya saka maka da alheri a kan wannan zumunci. Duk inda muka ce “ka” a wannan amsa, to har da ke 'yar'uwa mai jinyar miji, ko ɗa, ko mahaifiya, ko maƙwabciya.

Na farko: Mene ne wannan ciwo?

Ka sani, baƙin ciki na yau da kullum daban, ciwon damuwa daban. Baƙin ciki yana zuwa ne da dalili, kamar rasuwa ko asara, kuma yana sassautawa da tafiyar kwanaki. Ciwon damuwa kuwa shi ne mutum ya kasance cikin ƙunci, ko ya daina jin daɗin duk abin da yake jin daɗinsa a da, kusan wuni guda, kusan kowace rana, na tsawon mako biyu ko fiye. Tare da haka akan ga canjin barci, ko dai ya gagara ko ya yi yawa. Canjin cin abinci. Kasala mai nauyi. Kasa tattara hankali. Ganin kai ba a bakin komai ba. Yawan ɗora wa kai laifi. Da tunanin mutuwa. Ana kiransa mai tsanani idan alamomin suka taru da yawa har suka hana mutum sana'a, da kula da iyali, da kula da jikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya. Ya fi yawa a cikin mata, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da masu jego suna gamuwa da shi. Hukumar ta kuma ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun jinya ko kaɗan. Saboda haka ku gode wa Allah da Ya ba ku ikon kai ƙanenku asibiti.

Sanin wannan ciwo ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 322 bayan Hijira (934 Miladiyya), ya yi bayani a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus cewa akwai baƙin cikin da aka san sababinsa, akwai kuma wanda yake afka wa mutum ba tare da wani sababi na zahiri ba, ya hana shi kuzari da jin daɗin komai. Wannan na biyun ya danganta shi da yanayin jiki, ya ce yana buƙatar maganin jiki tare da lallashi da daɗaɗan kalamai.

Na biyu: Shin raunin imani ne?

Ba daidai ba ne a yanke wa marar lafiya wannan hukunci. Allah Ya ba mu labari a Suratu Yusuf cewa Annabi Yaƙub (amincin Allah ya tabbata a gare shi) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, alhali shi Annabi ne mai cikar yaƙini. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, wato shekara ta 10 bayan aiko Manzon Allah (sallallahu alaihi wa sallam), malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. Ba muna cewa Annabawa sun yi wannan cuta da likitoci ke bayani ba ne. Abin nufi shi ne ƙuncin zuciya yana haɗuwa da imani a zuciya ɗaya. Idan haka ne ga baƙin ciki, ina ga cutar da ta shafi aikin ƙwaƙwalwa, da barci, da cin abinci?

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa damuwa da baƙin ciki suna cikin abubuwan da Allah ke kankare wa Musulmi zunubai da su, daidai da ciwo da gajiya. Bukhari kuma ya ruwaito daga Abu Musa (Allah Ya ƙara masa yarda) cewa wanda rashin lafiya ta hana shi aikin da ya saba, ana rubuta masa ladansa kamar yadda yake yi lokacin da yake da lafiya. Irin wannan albishir ne ƙanenka ke buƙatar ji. Mai wannan ciwo ya riga ya cika zuciyarsa da zargin kansa; idan aka ƙara masa da cewa imaninsa ne ya yi rauni, an ƙara wa ciwon ƙarfi ne.

Neman magani kuwa shari'a ta yi umarni da shi, kamar yadda ya zo a hadisin Usama bin Sharik wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Addu'a da karatun Alƙur'ani da ruƙiyya ta shari'a duk alheri ne, a ci gaba da su tare da maganin asibiti. Amma dukan marar lafiya, ko ɗaure shi da mari, ko hana shi maganinsa da sunan cire aljani, zalunci ne da ba ya halatta.

Na uku: Matsayin kyauta da duba marar lafiya a shari'a

Duba marar lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, kuma ba a keɓance ciwon jiki aka fitar da na zuciya ba. A wurinka kuma an haɗa da sada zumunci. Kyauta mustahabbi ce. Bukhari ya kawo a Al-Adabul Mufrad cewa yin kyauta a tsakanin mutane yana jawo soyayya. An kuma hori mata kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne.

Akwai misalai huɗu da suka fi kusa da tambayarka.

Nana A'isha (Allah Ya ƙara mata yarda), idan aka yi rasuwa a danginta, mata suka watse, takan sa a dafa talbina, wato wani irin kunu mai ruwa-ruwa na garin sha'ir, ta ce a ci, domin ta ji daga Manzon Allah (sallallahu alaihi wa sallam) cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya, yana rage wani sashe na baƙin ciki. Ka lura, wani sashe aka ce.

Da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib ya iso daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (sallallahu alaihi wa sallam) ya sa a yi wa iyalan Ja'afar abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Wato an ɗauke musu aikin da ba za su iya ba a lokacin.

A Suratu Maryam, lokacin da naƙuda da tsoron maganar mutane suka kai Nana Maryam ga burin ina ma ta mutu kafin wannan rana, ba a tsawata mata ba. An kwantar mata da hankali, aka nuna mata ƙorama da ɗanyen dabino, aka umarce ta ta ci ta sha.

Ka'ab bin Malik (Allah Ya ƙara masa yarda), bayan an ƙaurace masa dare 50 saboda rashin fita yaƙin Tabuka, ranar da aka karɓi tubansa ya shiga masallaci, sai Ɗalha bin Ubaidillah ya taso da sauri ya yi masa musafaha ya taya shi murna. Ka'ab bai taɓa manta wa Ɗalha wannan tasowar ba.

Na huɗu: Abin da binciken likitoci ya nuna

Sanannen misali a wannan fage shi ne aikin Jerome Motto, wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin San Faransisko na Amurka. Shi kansa ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga yadda wasiƙun da yake samu suka riƙe masa zuciya. Tsakanin 1969 da 1974, shi da abokan aikinsa sun bibiyi mutum 3,005 da aka kwantar a asibitocin birnin saboda ciwon damuwa ko barazanar kashe kai. Bayan an sallame su, mutum 843 da suka ƙi ci gaba da jinya aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ba a tuntuɓe su ba. Ɗaya kashin kuma aka riƙa aika musu 'yar gajeriyar wasiƙa, layi biyu ko uku, mai nuna an tuna da su, ana yi musu fatan alheri, kuma idan suna son rubuto amsa ana maraba. Ba a neme su da komai ba, ko da komawa asibiti. An fara da wasiƙa ɗaya kowane wata, daga baya duk wata biyu, sannan duk wata uku, jimilla wasiƙa 24 a shekara biyar.

Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna cewa a shekara biyu na farko, yawan waɗanda suka kashe kansu a cikin masu samun wasiƙa ya yi kusan rabin na waɗanda ba sa samu. Da wasiƙun suka yi ƙaranci, daga baya suka tsaya, sai bambancin ya riƙa raguwa har ya ɓace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci wani bincike makamancin wannan a Burazil, Indiya, Siri Lanka, Iran da Sin, aka buga shi a 2008. Mutum 1,867 ne da aka kai asibiti bayan yunƙurin kashe kai. Waɗanda aka yi wa ɗan bayani na awa guda, sannan aka riƙa tuntuɓarsu ta waya ko ziyara har wata 18, kashi 0.2 cikin 100 ne suka mutu ta hanyar kashe kai, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 2.2.

Amana ce mu faɗa maka iyakar wannan hujja. Ma'aikatan lafiya ne suka yi tuntuɓar. Abin da aka auna shi ne tsira da rai, ba warkewa daga ciwon ba. Kuma wasu binciken da aka yi daga baya ba su sami bambanci mai girma haka ba. Duk da haka darasi uku sun fito fili: abin ya kasance ƙarami, ya kasance babu buƙatar komai daga marar lafiya, kuma ya ɗore. Wannan ya dace da abin da ya tabbata a sunna, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Na biyar: Me ya sa ba ya godiya?

Domin ciwon ya taɓa ainihin wurin da ake jin daɗi. Mai zazzaɓi mai zafi ko zuma ka ba shi ɗaci zai ji, kuma ba ka cewa ya raina zumar. Haka mai wannan ciwo: ya ga dabinon, ya san kai ka kawo, amma daɗin da ya kamata ya ji bai iso ba. Buɗe baki ya ce ya gode ma aiki ne babba a wurinsa. Wani kuma kunya ce ke rufe masa baki, yana raya cewa ya zama kaya a kan 'yan'uwansa, bai cancanci a kula da shi ba.

To a nan ne amfanin zuwanka yake. Ciwon yana raɗa masa kullum cewa babu mai son sa, kuma da babu shi da kowa ya huta. Sallamarka a ƙofar gidansa duk bayan kwana biyu tana ƙaryata wannan raɗa a aikace, ko da bai ce uffan ba. Da yawa daga waɗanda suka warke sukan tuna wanda bai daina zuwa ba, ko da sun manta abin da ya faɗa. Don haka kada ka auna amfanin abin da fara'arsa. Ka auna da waɗannan: yana shan magani? Ya ci wani abu yau? Ya yarda ka zauna kusa da shi?

Na shida: Irin kyautatawar da ta fi amfani

1. Ɗauke masa nauyi. Mai wannan ciwo ƙaramin aiki yakan zame masa dutse. Cefanen gida, kai yara makaranta, biyan kuɗin wuta, wanki da guga, kula da shagonsa don kada jari ya karye: waɗannan sun fi turare mai tsada. Idan mai jego ce, a karɓar mata jariri ta samu barci, a ɗauke mata girki.

2. Kada ka ce “idan kana buƙatar wani abu ka faɗa min”, domin ba zai faɗa ba. Yanke shawara tana cikin abin da ciwon ya raunana. Ka ce: “Gobe bayan La'asar zan zo da tuwo, mu ci tare.” Kuma ka cika alkawarin.

3. Abinci kaɗan mai sauƙin ci, irin wanda ka san yana so tun yana yaro. Zama ku ci tare ya fi ajiye kwano ka tafi.

4. Taimako a kan jinya. Sayen magani kafin ya ƙare, tuna masa ranar ganin likita, raka shi, da zama da shi a layi. A duk kyaututtukanka babu wadda ta kai wannan.

5. Gajeren saƙo ta waya wanda ba ya neman amsa, kamar ka ce ka tuna da shi, ka yi masa addu'a, ba sai ya amsa ba.

6. Zama da sauraro. Idan ya yi magana kada ka katse shi da nasiha. Idan ya yi shiru, ka zauna tare da shirunsa. Ziyarar ta zama gajera, kamar yadda malamai suka faɗa a ladubban duba marar lafiya, sai fa idan shi ya nemi ka daɗe.

7. Jan shi a hankali zuwa motsi. Likitoci suna da hanyar jinya da aka gina a kan mayar da marar lafiya ga ƙananan ayyuka ɗaya bayan ɗaya tun kafin sha'awar yin su ta dawo, domin sau da yawa sha'awar tana biyo bayan aikin ne. Ka gayyace shi zama a ƙofar gida da hantsi, ko tattaki na minti goma, ko ku tafi masallacin unguwa sallah ɗaya. Idan ya ƙi, ka ce babu komai, ka sake gayyata wani lokaci.

8. Kada ka manta da matarsa da 'ya'yansa. Su ne ke kwana da ciwon suna tashi da shi, su ma suna buƙatar a tambaye su yaya suke.

Na bakwai: Abin da za ka kiyaye

Gori. Allah Ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa a Suratul Baƙara, aya ta 264. Faɗin “duk abin da nake yi maka amma ka ƙi warwarewa” gori ne, kuma yana tabbatar masa da abin da yake tsoro, wato ya zama nauyi.

Kyauta mai tsada ko taron ba-zata. Babbar kyauta tana sa shi jin bashi, taron jama'a kuma yana tilasta masa yin fara'ar da ba shi da ita.

Kwatanta shi da wasu, kamar a ce wane ya fi shi shiga matsala amma bai kwanta ba, ko a ce ya cire abin a ransa kawai. Da zai iya cirewa da tuni ya cire.

Tona asirinsa. Ciwonsa amana ce. Kada ya zama abin hira a gidan biki ko a zauren WhatsApp na dangi. A sanar da waɗanda za su taimaka kaɗai.

Ba shi magungunan barci ko na kashe zafi daga kemis ba da izinin likita ba, ko haɗa masa maganin gargajiya da na asibiti ba tare da likita ya sani ba.

Idan marar lafiyar ba muharraminka ba ce, ko ba muharraminki ba ne, a bi ta hannun iyali, a guji keɓancewa da yawan saƙonnin sirri. Zuciyar mai ciwo tana saurin rataya ga mai tausaya mata.

Na takwas: Maganin asibiti shi ne ginshiƙi

Magungunan wannan ciwo ba sa aiki nan take. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, wani lokaci har mako shida zuwa takwas. A wannan tsakanin ne da yawa suke yanke ƙauna su watsar, kuma a nan ne ake buƙatarka. Bayan an samu sauƙi ma likitoci suna umartar a ci gaba da sha aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo, kuma ba a dainawa farat ɗaya sai da tsarin likita. Idan an sha yadda aka ce har tsawon wannan lokaci babu canji, ku koma ku faɗa wa likita, domin akan ƙara ko a canja magani, kuma a ciwo mai tsanani an fi son a haɗa magani da jinyar tattaunawa wurin ƙwararre. Tun da ka ce ƙanenka ya kai wata biyar a wannan hali, yana da kyau ka raka shi ganin likita na gaba ka bayyana abin da kuke gani a gida.

Idan Ramadan ya zo, a tambayi likita yadda za a tsara shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. Idan amintaccen likita ya ce azumi zai cutar da shi, Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya.

Ga mazauna arewacin Najeriya, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa na jami'o'i suna da sashen wannan jinya. Zuwa can ba abin kunya ba ne, kuma ba ya nufin mutum ya haukace.

Na tara: Lokacin da kyauta ba ta isa ba

Ka gaggauta kai shi asibiti a ranar, kada ka jira ranar da likita ya ba ku, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: yana maganar mutuwa ko cewa gara babu shi, yana neman guba ko makami, ya daina ci da sha gaba ɗaya, yana jin muryoyi ko yana faɗin abubuwan da ba su da asali, kamar cewa an riga an hallaka shi, ya fara rarraba kayansa masu daraja, yana sallama da neman gafarar mutane ba dalili, ko ya sami wata natsuwa kwatsam bayan dogon ƙunci. Idan mai jego ce, a ƙara da tunanin cutar da jaririnta.

Kada ka ji tsoron tambayarsa kai tsaye, cikin taushi, ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuma sau da yawa yakan ji sauƙi da aka ba shi damar faɗa. Idan ya amsa da e, kada ka yi masa tsawa, kada ka yi alkawarin ɓoyewa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da na ɓera daga gidan, da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, maganinsa kuma wani ya riƙe yana ba shi na kowace rana. Kashe kai haramun ne babu saɓani, kuma Allah Ya haɗa wannan hani da ambaton jinƙanSa gare mu a Suratun Nisa'i, aya ta 29. Da wannan jinƙai za ka tunatar da shi, domin wanda ya yanke ƙauna ƙofar rahama ake nuna masa.

Na goma: Kai ma ka kula da kanka

Wannan jinya tana ɗaukar watanni, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Ku raba kwanaki a tsakanin 'yan'uwa: wannan ya kai abinci, wancan ya raka asibiti, wani ya kula da kasuwa. Masu cewa wa'azi yake buƙata, ka yi musu bayani da hikima, ka ba kowannensu aikin da zai iya. Idan ka gaji ka huta, gajiya ba zunubi ba ce. Ka sani warkarwa ba a hannunka take ba. Idan sauƙi ya yi jinkiri ba gazawarka ba ce. Ka gyara niyya ka yi don Allah, sai rashin godiya ya daina yi maka ciwo, kamar yadda Allah Ya yabi bayinSa a Suratul Insan da cewa suna ciyarwa ba tare da neman sakamako ko godiya daga wanda suka ciyar ba.

Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi idan suka sami jinyar da ta dace. Ka ci gaba da zuwa da ɗan dabinonka da furarka, ka ƙara da tsayawa a kan maganinsa da ranakun asibitinsa, ka riƙa sa ido a kan alamomin haɗarin da muka ambata, ka yawaita yi masa addu'a a bayan idonsa.

Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa, Ya yaye wa dukkan Musulmi ƙunci da damuwa.

Allah ne Mafi sani.